Zango ba shi da launi a taswirar Paradox

Ranar wata Talata ina gaban 'yan aji biyu na JHS a nan Dungu, muna darasin tsofaffin masarautun arewacin Gana, sai wani yaro da ba ya yawan magana ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ticha, ni fa na ɗauki Dagbon na ci Kano da yaƙi." Aji ya kwashe da dariya. Na ce, "Kai, wace Kanon? Da wace runduna?" Ko a jikinsa. Ya taso ya karɓi alli, ya zana mini Afirka ta Yamma a allo: ga Dagbon, ga Songhai a sama, ga Oyo, ga Katsina da Kano da Zazzau can gabas. Wallahi kowace ya ajiye ta a mazauninta. Ashe wani ɗalibin jami'ar UDS ne ke haya a gidansu, yana da kwamfuta, a cikinta akwai wasan da ake kira Europa Universalis IV, yaron kuma ya cinye hutunsa yana sarautar Dagbon a ciki.

Na san gidansu. Hausawa ne, asalinsu fataken goro, kakan kakansa daga ƙasar Kano ya zo Salaga. Sai na ce masa, "To, tunda ka san hanyar Kano, gaya mana abin da ya taso da kakanninka daga can zuwa nan." Ya yi shiru. Wata yarinya daga baya ta ce goro. Ya waiwaya ya dube ta, ya dawo ya dube ni, ya ce, "Ticha, ai babu goro a wasan."

Gaskiya ya faɗa. Na bi shi gida, na roƙi ɗalibin nan ya nuna mini, na kuma shafe Asabar da Lahadi da dama ina zaune kusa da shi ina koyo. A jerin hajar da wasan ya sani akwai zinariya, gishiri, hauren giwa, auduga, tagulla, har da bayi. Goro babu. Abin da ya haɗa Kano da Gwanja ɗaruruwan shekaru, wanda ya kafa zangunan da muke zaune a ciki daga Yandi har Kumasi, bai samu layi ɗaya ba. Tun daga ranar nake tunanin kamfanin da ya yi wasan, da abin da yake koya wa 'ya'yanmu alhali mu ba mu ma san sunansa ba.

Su wane ne Paradox?

Paradox Interactive kamfani ne da ke Stockholm, babban birnin Suwidin. Sana'arsa buga wasannin kwamfuta na dabarun mulki da yaƙi. Wanda bai taɓa gani ba ya fahimta: waɗannan ba irin wasan ƙwallo ko harbe-harben da yara ke yi a gidan gem ba ne. Taswirar duniya ce ake shimfiɗa maka, an yanka ta larduna, kowace ƙasa da launinta. Ka zaɓi ɗaya, ka karɓi haraji, ka gina runduna, ka ƙulla aure da ƙawance, ka ci maƙwabci ko ya ci ka. Mutum zai iya yin wata guda a kan wasa ɗaya.

Europa Universalis na farko ya fito a shekarar 2000, an ɗauko shi daga wani wasan tebur na Bafaranshe Philippe Thibaut. Na huɗu, wanda ɗalibina ya buga, ya fito a 2013. Na biyar ya fito ranar 4 ga Nuwamba 2025, daga reshen kamfanin da ke Sitges kusa da Barcelona, ƙarƙashin Johan Andersson, wanda ke cikin aikin tun wasan farko. A 2016 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari, kuma Tencent na ƙasar Sin ya sayi kashi 5 cikin 100 a lokacin. Ke nan akwai masu jari da ake yi wa bayanin riba.

Ya kamata mu bambance mai ƙera wasa da mai buga shi, kamar yadda marubuci daban, kamfanin ɗab'i daban. Mai bugawa shi ke zuba kuɗi, shi ke cewa a yi wannan a bar wancan, shi ke talla, shi ke yanke farashi. Paradox ya haɗa biyun. Tsarin kasuwancinsa kuwa shi ne ya sayar maka da uwar wasa, sannan ya yi ta fitar da ƙarin sassa ana saya daban-daban har shekara goma. Yankin da masu saye suka fi so shi ke samun ƙarin sassa masu yawa. Sai a Nuwamban 2021, shekara takwas bayan fitowar na huɗu, aka fitar da Origins, sashen da aka keɓe wa ƙasashen Afirka irin su Mali da Songhai da Habasha.

A ba su haƙƙinsu

Ba zan zauna in ce ba su yi komai ba. A littattafan da muka karanta a kwalejin horar da malamai, arewa shafuka kaɗan take samu, sannan a gangara bakin teku a yi ta maganar gidajen Turawa na Elmina da Cape Coast. Sai ga wani kamfani a Suwidin ya sa Dagbon a taswira da tutarta, yaro ya zaɓe ta kamar yadda wani zai zaɓi Faransa. A wasansu Crusader Kings III na 2020, cikin sarakunan da ake nuna wa mai wasa ya fara da su a shekarar 867 akwai Daurama ta Daura. A Victoria 3 na 2022, wanda ke farawa a 1836, kana iya riƙe daular Sakkwato.

Wasu kamfanonin ma sun bi sahu. Microsoft ya ƙara Hausawa a Age of Empires III a watan Agustan 2021, da mahaya masu lifidi da sojoji masu amsa umarni da Hausa. A Civilization VII, wanda kamfanin 2K ya fitar a Fabrairun 2025, Sarauniya Amina ta Zazzau na cikin shugabannin da ake zaɓa. Yau akwai matashi a Burazil ko Koriya da ya san sunan Amina ta wannan hanya, kuma ban ga laifin hakan ba. Ni kaina na ji daɗi ranar da na ji Hausa na fitowa daga lasifikar kwamfutar nan.

Wasan dabara kuma ba baƙonmu ba ne. Dattawanmu sun yi dara a ƙasa, ramuka 30, kowa da tsakuwa 12. Ga oware da ake bugawa ko'ina a Gana, ga masu dame a gindin bishiya. Don haka iyayen da ke haɗa kowane wasan kwamfuta da caca su sassauta. Yaron da ke lissafin haraji da abincin runduna ba ɗaya yake da wanda ke zuba kuɗin makarantarsa a cacar ƙwallo ba.

Inda taswirar ta makance

Matsalar tana cikin ƙashin wasan, inda mai wasa ba ya gani. Dubi ranar da na huɗu ke farawa: 11 ga Nuwamba 1444. Me ya faru? Washegarin yaƙin Varna ce, inda Sarkin Usmaniyya Murad na biyu ya karya rundunar Hangari da Folan. Wasan kuma yana ƙarewa a 1821. Agogon Turai ne aka rataya wa kowa, sunan wasan ma bai ɓoye ba. A wannan shekarar ta 1444 Abdullahi Burja ne Sarkin Kano, kuma Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya danganta buɗe hanyoyin fatauci zuwa Gwanja da zamaninsa. Ka ga, wasan ya fara daidai lokacin da labarinmu ya fara, amma bai gan shi ba.

Dubi kasuwanci. Akwai cibiyar ciniki a Katsina, akwai a Tumbutu, na yaba. Amma masu ƙera wasan sun zana kibiyoyin da dukiya ke bi, kuma mai wasa ba ya iya juya su. Duk dukiyar duniya tana gangarawa ta tsaya a wurare uku: mashigin ruwan Ingila, Genoa da Venice. Ko Sarkin Kano ya fi kowa wayo, kogin kuɗi an riga an haƙa masa hanya zuwa Turai. Yaro ba zai karanta wannan a rubuce ba, hannunsa ne zai koya, ya ɗauka haka Allah ya tsara duniya.

Dubi addini. Kusan duk ƙasar Afirka da ba ta Musulmi ko Kirista ba, har da Dagbon ta wancan lokaci, an lulluɓe ta da kalma ɗaya, Fetishist. Asalin kalmar daga bakin 'yan kasuwar Fotugal ne da suka sauka gaɓar tekun nan tamu, suna nufin tsafi. A Crusader Kings III kuwa, lambar yabon da aka tanadar wa mai wasa da Daurama ita ce zuriyarta ta tsara addinin gargajiya ta shimfiɗa shi a kan Afirka duka. Na san wasa ne na "da a ce", ba fatawa ba ce. Amma uba Musulmi ya kamata ya san abin da ɗansa ke nema har ƙarfe biyun dare, ya kuma iya zama da shi su yi magana.

Babban abin shi ne launi. A taswirar nan, wanda ke da ƙasa da runduna shi ke da launi. Wanda ba shi da su, babu shi. To mu fa? Hausawan Gana ba da yaƙi muka shigo ba. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun taso da jakuna, madugu a gaba, suka bi ta Borgu da Jugu da Sansanin Mango, suka faɗo Yandi, suka wuce Salaga. Sun kawo kanwa da fata da tufafin Kano, suka koma da huhunan goro. Tafiyar wata da watanni ce. A kowane masauki akwai maigida mai ba da ɗaki ya tsaya wa baƙo a ciniki, akwai dillali, akwai malami mai rubuta wasiƙa da koyar da yara. Sarkin gari ya ba da fili a bayan gari, zango ya tsiro. Wangarawa da Hausawa ta haka suka kai Musulunci fadar Dagbon, har Naa Zanjina ya karɓa a wajajen 1700. Ba a ci kowa da yaƙi ba a wannan labarin, shi ya sa taswirar ba ta da fentin da za ta shafa masa.

Ɗauki Alhaji Umaru na Karaci. An haife shi a Kano, ya zauna a Salaga, yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934. Ya yi rubutu da Larabci da Hausa, har da waƙoƙi a kan zuwan Nasara, ɗalibansa suka bazu a zangunan ƙasar nan. Bai mallaki lardi ko ɗaya ba. A lissafin wasan, mutum irin wannan bai taɓa rayuwa ba.

Kada kuma mu wanke kanmu. Ayarin nan ba goro kaɗai ya ɗauka ba. Kasuwar bayi da rijiyoyinta suna nan a Salaga, kowa na iya zuwa ya gani. Babatu, jagoran mayaƙan Zabarmawa da ya addabi ƙasar Gurunsi, kabarinsa na Yandi. A cikin kakanninmu akwai mai saye, akwai mai sayarwa, akwai wanda aka sayar. Wasan ya mai da wannan duka ɗan hoto a kan lardi da farashi a gefensa. Ɗalibina ya ce mini lardin bayi "yana kawo kuɗi". Shekararsa goma sha huɗu, kuma ba da mugunta ya faɗa ba.

Adibo ba lissafi ba ce

Wasan yaƙi a kan taswira yana da nasa tarihin. A 1824 wani hafsa mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar wa shugabannin sojan Prussia wasan da ya gyara, suka karɓe shi a matsayin hanyar horar da hafsoshi. Har yau dangantakar ba ta yanke ba: kamfanin Slitherine na Ingila, wanda ya haɗe da Matrix Games a 2010, yana sayar wa rundunonin soja wata siga ta musamman ta wasansa Command. Abin da ke nishaɗi a ɗakin ɗalibi kayan aiki ne a barikin wasu.

Magadan wancan sojan na Prussia ne suka iso Adibo, kudu da Yandi, ranar 4 ga Disamba 1896. Hans Gruner da Valentin von Massow suka jagoranci 'yar ƙaramar runduna mai bindigogin zamani, suka gamu da dubban mayaƙan Ya-Na Andani, suka karya su, suka shiga Yandi suka sa wuta. A 1899 Ingila da Jamus suka raba Dagbon gida biyu a kan takarda, Yandi ta faɗa hannun Jamus, yammacin ƙasar ya faɗa hannun Ingila. Idan ka buga irin wannan a kwamfuta, lambobi biyu za ka gani, ɗaya na raguwa da sauri, sai launi ya canja. Idan ka saurari makaɗan lunsi kuwa, sunayen mutane za ka ji, da 'ya'yan wane ne.

Akwai kuma abin da mu 'yan zango ba mu cika son faɗa ba. Rundunonin da Turawa suka yi wannan aiki da su, a Togo da nan, cike suke da baƙaƙen sojojin da ake kira Hausa, ko da yake da yawansu 'yan wasu ƙabilun arewa ne da Hausa ta zama harshen barikinsu. Tun yaƙin 1873 zuwa 1874 da Tonawa Ingila ke amfani da su. Yaro ya kamata ya ji wannan daga bakinmu, da bayanin yadda talauci da gudun bauta suka kai mutane bariki, kafin ya ji shi daga bakin mai gori.

Abin da ya sa na damu

Wani zai ce, Malam, wasa ne fa, ka cika zafi. To ga dalilina. A arewacin Gana tambayar "wa ya ci wa da yaƙi, ƙasar ta wace ce" ba ta mutu ba. Ina ɗan firamare a watan Maris 2002 lokacin da aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na biyu a Yandi. Na tuna dokar hana fita a Tamale, na tuna mahaifiyata tana ƙirga mu da magariba. Shekara 17 aka ɗauka kafin a naɗa Ya-Na Abukari na biyu a Janairun 2019, kuma zaman sulhu ne ya kawo hakan, ƙarƙashin Asantehene da Nayiri da Yagbonwura. Ga Bawku, inda rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya ci rayuka har Otumfuo Osei Tutu na biyu ya shiga tsakani. A irin wannan ƙasa, yaron da ya shafe awa ɗari yana koyon cewa tarihi shi ne faɗaɗa launinka, kuma haƙuri asarar lokaci ne, ya koyi darasin da zai iya yi mana tsada.

Mu 'yan zango abin ya fi shafa. Idan mai launi a taswira shi ne ɗan ƙasa, mu baƙi ne har abada. An taɓa gwada mana wannan lissafin. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar Gana. Dubun dubatar mutane suka fita, cikinsu har da waɗanda aka haifa a nan. Kakata har ta rasu tana lissafa maƙwabtan da suka sayar da gida da araha suka hau mota. Har gobe ɗan zango yakan je neman katin ɗan ƙasa a tsare shi da tambayar garinsu na asali. Amsar wannan tambaya tana cikin tarihin ayari da masauki da makarantar allo. Idan 'ya'yanmu ba su san shi ba, da me za su amsa?

Kuɗi na magana, namu bai kai ba

Me ya sa kamfani zai damu da goro? Mai saye yake saurara. Europa Universalis V dala 60 ne, wato sama da sidi 600 a canjin ƙarshen 2025, ban da ƙarin sassa, ban da kwamfuta mai ƙarfin ɗaukarsa, ban da data da wutar da ba ta tsayawa. Malami irina sai ya yi tunani sau biyu. Mafi yawan abin da ke yawo a ɗakunan ɗalibai kwafin sata ne, ana turawa daga filasha zuwa filasha. Ban halatta ba, haƙƙin wani ne. Amma ku lura da sakamakonsa: a littafin kamfani, Tamale babu mai saye. Muna cin tuwon, ba a ƙirga mu cikin masu cefane, don haka ba a tambayarmu irin miyar da muke so.

Wasu sun yi murna da aka sanar a ƙarshen Satumban 2025 cewa asusun jarin gwamnatin Saudiyya, tare da Silver Lake da kamfanin Jared Kushner, za su sayi Electronic Arts, mai wasan ƙwallon da yaranmu ke bugawa, a kan dala biliyan 55. Suka ce ai kuɗin Musulmi ya shiga harkar. Kuɗin Musulmi ya shiga, gaskiya ne. Amma riba ya shiga nema, kuma ba na jin wani a Riyad ya kwana da tunanin Salaga. Mai jari ɗan jari ne, ko daga ina ya fito.

A gida ma akwai masu ƙoƙari. Eyram Tawia ɗan Gana da Wesley Kirinya ɗan Kenya sun kafa Leti Arts a 2009, suka sa Ananse cikin jaruman wasansu. Akwai Maliyo Games a Legas, akwai Kiro'o Games a Kamaru da ya fitar da Aurion a 2016, akwai Carry1st a Afirka ta Kudu mai buga wasannin waya. Yawancinsu waya suka nufa, don ita ce a hannun jama'a. Babban wasan tarihi irin na Paradox yana son ma'aikata da yawa na shekaru, da wanda zai biya su kafin a sayar da kwafi ɗaya. Masu basira muna da su. Mai bugawa mai dogon numfashi ne ba mu da shi.

Abin da ke hannunmu

Duk da haka ƙofa ba a kulle take ba. Kafin fitowar wasa na biyar, Paradox ya riƙa fitar da taswirorinsa yanki-yanki yana neman gyara daga jama'a, kuma wanda ya kawo hujja a rubuce shi ake saurara. Sabon wasan, wanda ke farawa daga 1337, yana ƙirga mutanen kowane gari da al'adarsu da addininsu, ya kuma yarda da hukumar da ba ta dogara da mallakar ƙasa ba, kamar ƙungiyar fataken Hansa ta arewacin Jamus. Idan fataken Jamus sun samu gurbi, babu abin da zai hana fataken goro, sai rashin wanda zai kai hujjar. Makaɗin Yandi ba zai rubuta wa Stockholm ba. Mu da muka yi boko ne aikin ya hau kanmu.

Hujjar kuwa tana nan. Akwai Kitab Ghanja, tarihin Gwanja da malamai suka rubuta da Larabci a ƙarni na 18. Akwai rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattara a Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon tun shekarun 1960. Akwai takardu a akwatunan gidajen malamanmu da gara ke ci. 'Yan'uwanmu Dagombawa sun nuna mana hanya: matasa a nan Tamale suka dage har Wikipedia ta Dagbani ta tsaya da ƙafarta a 2021. Ta Hausa tana nan, amma shiga ka nemi zangunan Gana ka ga yadda labarinmu ya yi ƙaranci. Mai ƙera wasa a Turai ba zai zo Zangon Tamale ya yi hira da tsofaffi ba. Abin da ya samu a intanet shi zai ɗauka.

Ga ɗaliban kwamfuta na UDS da ke zagaye da mu a Dungu: wasannin Paradox a buɗe suke ga mai son yi musu gyara, yawancin bayanansu rubutu ne da ake buɗewa a canja. Mutum uku da kwamfuta ɗaya za su iya ƙara goro da hanyar Salaga, su saka kyauta duniya ta sauke. Wannan ya isa aikin kammala digiri. Gwamnati ta ƙaddamar da shirin koya wa mutum miliyan ɗaya rubuta manhajar kwamfuta a Afrilun 2025. Madalla. Sai dai wanda ya iya rubuta manhaja ba shi da labarin da zai zuba a ciki, ƙarshenta aikin wani zai yi. Tarihi ya dawo firamare a manhajar karatu ta 2019, amma a JHS yana ɓoye ne cikin darasin zamantakewa, daidai shekarun da yara ke fara riƙe waya.

Ga iyaye: ƙwace kwamfuta ba ya magani, zai je gidan abokinsa. Zauna kusa da shi rabin awa. Ka tambaye shi wace ƙasa ya riƙe, wa ya ci, mutanen garin da ya ci ina suka tafi. Ka sa masa lokaci, salla da karatu su riga. Sannan ka gaya masa sunan kakanka da garin da ya fito.

Ni dai ga abin da na gwada. Na zana hanyar Kano zuwa Salaga da alli a ƙasan aji, na raba yara ayari huɗu. Kowane ayari da madugu da jagaba da jakuna goma na kwali. A kowane zango sai sun yi ciniki da maigida, sun biya kuɗin fito a bakin kogi, sun yanke shawara ko su jira wani ayarin don tsoron 'yan fashi ko su yi gaba su riga kowa kasuwa. A dawowa, wanda bai tsaya ya buɗe huhu ya yayyafa ruwa ya canja ganyen fita ba, goronsa ya lalace. Babu wanda ya ci ƙasar wani, amma hayaniyar da aka yi har shugaban makaranta ya leƙo.

Mai cin Kano da yaƙi shi ya zo na ƙarshe. Ya yi gaggawa, ya ƙi biyan maigida a Sansanin Mango, babu wanda ya tsaya masa, goronsa ya bushe a hanya. Ya ji haushi ƙwarai. Bayan kwana biyu ya same ni a ofis ya ce ya tambayi kakarsa, ta lissafa masa garuruwan da ta ji ana faɗa tun tana yarinya, akwai biyu da babu su a zanena. Ya ce, "Ticha, taswirarka ma ba ta cika ba." Na ba shi alli na ce ya je ya gyara.

Duk mai tsoho ko tsohuwa a gida da ke tuna hanyar ayari, ko yadda aka kafa zangonsu, ya ɗauki waya ya naɗi muryarsu tun suna nan. Allah ya ja kwanansu, ya ba mu ikon rubutawa.